Kunkuru Mai Giyar Atomatik da Al'adar "Cire Shi" a Garejinmu

Akwai wata magana da ta kashe motoci a ƙasar nan fiye da yadda ramukan titi suka kashe, kuma a bakin bakanike ake jin ta: "Alhaji, wannan ba ya aikin komai. Bature ne ya sa shi saboda sanyin ƙasarsu, a cire shi kawai." Mai mota ya gyaɗa kai, a cire, a wurga cikin tarkace. Motar da ke da lagireto takan daure wa irin wannan na 'yan shekaru kafin ta fara kuka. Tsohuwar Volkswagen da muke kira Boswaja ko Kunkuru ba ta da wannan dauriyar, domin iska ce ke sanyaya injinta, kuma kowane guntun kwano da ke kewaye da injin an sa shi ne don ya bi da iskar inda ake buƙatarta. In kuwa aka yi dace irin mai giyar atomatik ce, wadda ba ta da fedar kuloci, to abubuwan da bakanike zai ga kamar ba sa aikin komai sun ninka.

Ragowar waɗannan motoci suna nan jefi-jefi a garuruwa irin su Gaya da Ajingi, wata a rumfar ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, wata a bayan gida kaji na saka ƙwai a kujerarta. In ka tambayi magada sai su ce tsufa ne, ko kuma kayan gyaranta sun ɓace daga kasuwa. Ni ban yarda ba. A ganina yawancinsu gyara ne ya kwantar da su, kuma duk mai son tayar da ɗaya, aikinsa na farko shi ne mayar mata da abin da aka cire mata.

Yadda motar ta zama tamu ba ɓoyayye ba ne. A 1975 masana'antar Volkswagen ta Najeriya ta fara harhaɗa motoci a Ojo, kan hanyar Badagiri a Legas, a shekarar da Peugeot ta fara nata a Kaduna. Abin ya zo daidai da kuɗin Udoji da bashin mota na ma'aikatan gwamnati. Manyan sakatarori suka hau Fijo 504, su kuwa hedimasta da malamin gona da malamin asibiti da aka tura karkara, Kunkuru ce daidai aljihunsu. Ta kuma dace da wurin aikinsu. Injin yana baya, nauyinsa a kan tayoyin da ke tura motar, ƙasanta kuma shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne babu abin da ke lilo, saboda haka rairayin da ke tsakanin Gaya da Kademi, ko Ajingi da Toranke, bai cika riƙe ta ba. Ba ta kuma roƙon ruwa a tsakiyar bazara. Jamusawa sun riga sun gwada irin injin a hamadar Libiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a jikin ƙaramar motar sojansu. Daga 1986 tsarin SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antar Ojo ta durƙushe, motocin Kwatano suka cika kasuwa. A sauran duniya kuwa ba a daina ƙera ta ba sai ran 30 ga Yuli, 2003, a Puebla ta ƙasar Meksiko, bayan an fitar da sama da miliyan 21 da rabi. Motar da aka yi da wannan yawa ba ta rasa fistan da ringi da bawul a duniya. Har yau ana ƙera su sababbi, kuma mai haƙurin bin 'yan kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya yi saƙo Ladipo a Legas, ba zai dawo hannu rabbana ba.

Mai giyar atomatik dai baƙuwa ce ko a wancan zamanin. Waɗanda aka harhaɗa a Legas masu giyar hannu ne guda huɗu. Ita daga Jamus take, an fara fitar da ita a ƙarshen 1967, kuma Amurkawa aka fi yi wa ita. Wadda ta iso nan galibi wani ne ya taho da abarsa, ɗalibin da ya gama karatu a Turai, ko malamin makaranta ko likita baƙo da ya sayar da ita zai koma gida. Gane ta ba wuya: feda biyu ce a ƙasa, ta birki mai faɗi. Shekararta kuma tana jikin lambar da aka buga a ƙarƙashin kujerar baya. A motocin Jamus daga 1965, lamba ta uku ita ce shekarar, wato mai farawa da 118 'yar 1968 ce. In sitiyarinta na dama, akwai alamar ta shigo kafin 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Mu fara da iskar, don ita ce ran motar. Silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, kowace da haƙarƙarin ƙarfe a jikinta irin na injin babur. Bambancin shi ne babur yana shan iskar hanya, wannan kuwa a rufe yake a bayan mota, sai abin da fanka ta ba shi. Fankar tana cikin wani gidan kwano a saman injin, sanda ɗaya suke da dinamo, fanbel ɗaya ke juya su. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san zugazugi ba ya aiki sai an toshe ko'ina an bar baki ɗaya; fatar na hujewa, yaro zai yi ta zuga har ya gaji gawayi bai ja ba. Haka fankar nan take. Ƙarfinta bai da amfani in iskar ta sami wata ƙofa.

To dubi ƙofofin da muka buɗe mata da hannunmu. Akwai manyan tiyo biyu da ke ɗaukar iska daga gidan fanka zuwa na'urar ɗumama cikin mota. A nan bakanike ya yi gaskiya, ba mai neman ɗumi a Gaya cikin Afrilu. Amma da ya cire tiyon ya bar bakunan a buɗe, wani kaso na iskar da ya kamata ta bi ta kan silinda sai ta riƙa fita a banza. Toshe su ake yi. Akwai 'yan ƙananan kwanuka a ƙarƙashin silinda, tsakanin kowane biyu, da ke tilasta wa iska ta zagaye cikin silindar kafin ta fice; su ne farkon abin da ake mantawa a ƙasa bayan an sauke inji, kuma ba a iya mayar da su sai an sake kwance wani sashe, don haka sai a ce ba komai. Akwai robar da ke toshe ramin kowane fulogi. Akwai doguwar robar da ta zagaye injin ta raba sama da ƙasa, don kada fanka ta sake zuƙo zazzafar iskar da ta fito daga silinda da salansa. Rana ta cinye ta tun tuni a kusan kowace motar da za ka gani, ba wanda ya damu. Akwai kuma 'yan ƙyamare a gindin gidan fanka masu buɗewa in inji ya ɗumama. Su ma "na sanyi ne" a wurin bakanike, alhali ko a buɗe suke suna karkata iska zuwa kan tof, inda zafi ya fi taruwa. In na'urar buɗe su ta mutu, ɗaure su ake yi a buɗe, ba yar da su ba.

Abin da ya sa wannan ɓarna ta daɗe ba a gane ta ba shi ne motar ba ta ƙara. Ba ta da agogon zafi, ba ta tafasa ta yi tururi a tsaya a nemi ruwa. Tana tafiya lafiya lau har ranar da kan bawul zai tsinke ya faɗa kan fistan. Kusan kullum kuma silinda ta uku ce, ta hagu daga gaba, saboda a tsofaffin injinan na'urar sanyaya baƙin mai tana tsaye cikin gidan fanka daidai hanyarta, iskar da ke isa gare ta ta riga ta ɗumama. Sai a 1971 kamfanin ya fitar da na'urar zuwa wani ɗan ɗaki nata a bayan gidan fankar. Game da sanyaya inji, gargaɗi ɗaya tak motar ke bayarwa, jan fitilar caji. A wata motar, in ta kama kana iya lallaɓawa ka kai gari. A Kunkuru tana iya nufin fanbel ya tsinke, fanka ta tsaya, kuma tafiyar 'yan mintuna ta isa ta gasa injin. Direban da ya san motarsa ba ya fita ba fanbel na biyu a but.

Sai maganar awo, wadda ita ce rabin cutar. Tazarar bawul a wannan inji milimita 0.15 ce, kuma da sanyin inji ake ɗaure ta, wato da safe kafin a tayar. Bakanikenmu da kunne yake ɗaurewa, yana matsewa har sai ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke, shi da mai mota duk su ji daɗi wai inji ya yi shiru. Bawul ɗin da aka matse ba ya zama daram a mazauninsa, kuma ta wannan zaman ne yake sauke zafinsa, don haka sai ya ƙone. Lafiyayyen injin Kunkuru yana da ɗan surutu. Ma'aunin da ake zurawa a auna tazarar bai kai kuɗin fulogi huɗu ba, amma ka zaga gareji nawa kafin ka same shi a akwatin wani? Haka lokacin wuta: a murɗa dilko da hannu har inji ya yi kukan da ake so, ba a san an tura wutar gaba ta yadda za ta ƙara zafi ba.

Baƙin man lita biyu da rabi ne kacal, kuma yana cikin masu sanyaya injin. Babu matatar mai irin ta motocin yanzu, sai wata 'yar rariyar waya a ƙasa da ake kwancewa a wanke. Shi ya sa ake juye shi duk kilomita 5,000, da hunturu ma kafin haka. Matatar iskarta ta asali kuwa, wadda ƙura ke faɗawa cikin ɗan mai a gindinta, ban san abin da ya fi ta dacewa da ƙurarmu ba. Ba a sayen komai, wankewa ake yi a zuba sabon mai zuwa alama. Amma ita ma sai ka tarar an musanya ta da wata 'yar ƙyalƙyali, ko an ɗaura tsumma a bakin kafireto.

Yanzu giyar. Sunan atomatik ya ɗan yi mata yawa. Kamfanin ya kira ta Automatic Stickshift, kuma direba ne ke sa giya da hannunsa, kuloci ne kawai ba ya takawa. Giyar gaba uku ce, L da 1 da 2, sai ribas. L ta hawa ce da rairayi da kaya, 1 ta cikin gari har wajen kilomita 90 a awa, 2 ta babbar hanya. Tsakanin inji da giya akwai wata rufaffiyar tukunya cike da jan mai, da farfela a ciki: ta inji tana kaɗa man, man yana kaɗa ta giya. Ita ke sa motar ta tsaya cik a giya ba ta mutu ba. Bayan ita kuma akwai kuloci na sosai, irin na kowace mota, sai dai zuƙar inji ce ke taka shi. Injin yana zuƙe iskar wani ɗan tanki da ke ƙarƙashin madigadin baya. A gindin sandar giya akwai kontak. Da ka taɓa sandar, kontak ya haɗu, wuta ta buɗe wani bawul, zuƙar ta ja wata faffaɗar roba, robar ta ja kuloci, giya ta shiga. Ka saki sanda, kuloci ya koma a hankali.

Na yi wannan dogon bayani ne don a ga inda cutar ke zama. Ƙarfen giyar kansa ƙaƙƙarfa ne, da wuya ya lalace. Abin da ke lalacewa shi ne tiyon da rana ta busar ya tsage, ko kontak ɗin da ya yi datti ko tazararsa ta kauce daga milimita 0.25 zuwa 0.4, ko siririyar wayar da ta karye a gindin sanda, ko robar da ta yage, ko 'yar matatar bawul ɗin da ƙura ta toshe. Duk ƙananan abubuwa ne. Matsalar ita ce alamarsu babba ce: giya ta ƙi shiga, ko ta yi ƙara kamar za ta farfashe, ko mota ta yi tsalle. Bakaniken da bai taɓa ganin irinta ba yana jin wannan sai ya yanke hukunci: "Giyabos ya mutu, a mayar da ita ta hannu." Wannan ɗabi'a ba ta tsaya kan tsohuwar mota ba. Ko a motocin yau, gyaran giyar atomatik a yawancin garejinmu sunansa sauke wannan a ɗora na Beljiyam.

Akwai wani wuri da cutar giya da cutar inji ke haɗuwa, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Tiyon zuƙar nan daga maƙogwaron inji yake tasowa. In ya tsage, inji zai riƙa shan iskar da ba ta bi ta kafireto ba, fetur ya yi ƙaranci a cikin haɗin, wutar ta ƙara zafi. Mai mota yana ganin giya ce kawai ke ɗan gardama, yana lallaɓawa, ashe tsagar tiyon tana can tana cin bawul ɗin silinda ta uku. Tiyon da bai kai kuɗin mudun shinkafa ba sai ya jawo sauke inji.

Mai iri uku motar ke sha, kuma ba sa shiga hurumin juna: baƙin mai a inji, jan mai irin Dexron a tukunya, da man giya mai kauri lamba 90 a cikin giyar. Famfon mai na injinta hawa biyu ne, ɗaya na baƙi ɗaya na ja, da robobi a tsakani. In ka ga jan mai na raguwa baƙi na ƙaruwa, robobin ne suka saki. Wanda bai sani ba sai ya sayo famfon Kunkuru mai giyar hannu ya ɗaura, ya zauna daidai, tukunya kuwa ta rasa mai tura mata mai. Direba ma yana da nasa laifin. Mun saba ɗora hannu a kan sandar giya muna tafe muna hira. A wannan motar yin haka taka kuloci ne, inji ya yi ihu a banza. Tashi a giya ta 2 don ƙyuya yana dafa jan man, akwai ma fitilar da ke gargaɗin haka. Ba ta tashi sai giya na firi. Turin hannu kuma ba ya tayar da ita, don haka al'adar "yara ku zo ku tura" ba ta da wuri a nan, sai lafiyayyen batir da kik. Wata irin Volkswagen mai iska, 1600 da 411 da Kombi daga 1973, tana da cikakkiyar atomatik mai sauya giya da kanta. Wannan wani karatu ne daban, kada a gwama su.

Masu cewa a mayar da ita ta hannu suna da hujja, ba zan raina ta ba: giyar hannu tana ko'ina, kowa ya iya ta, ta fi ɗan kuzari, ta fi tsimin mai. Sai dai aikin ba ƙarami ba ne kamar yadda ake faɗa. Sai an sauya feda, an ɗaura fulayiwil, an sauya famfo, kuma da yawansu ba su da bututun da wayar kuloci ke bi a cikin ƙashin bayan motar, sai an yanka an yi walda. Sannan ba kowace giya ke zama ba, domin masu atomatik su ne suka fara samun ƙafar baya mai gaɓa biyu a kowane gefe, wadda ta fi tsohuwar riƙe hanya a kwana, yawancin giyoyin da ke yawo a kasuwarmu kuwa na tsohuwar ƙafa ne. A ƙarshe an kashe kuɗin da ya fi na tiyo da roba sau da yawa, an kuma mayar da abin da ba kowa ke da shi ba ya zama gama-gari.

Motar da ta yi shekaru a kwance ba a fara ta da batir. Wannan shi ne kuskuren ɗoki: a aro batir, a tsiyaya fetur a kafireto, a ga ko za ta yi tari. Kafin nan sai an leƙa gidan fanka, don ɓeraye suna son sa, zanzaro kuma yana gina ɗakinsa na laka a tsakanin haƙarƙarin silinda ya toshe hanyar iska. A cire fulogai a ɗiga mai, a bar shi ya kwana, a juya injin da hannu. A sauke tanki a wanke. Kowane tiyon fetur a sauya shi a ɗaure bakinsa, domin a wannan mota tiyon yana wucewa ne kusa da dilko, kuma gobarar inji ta ci Kunkuru da yawa. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai sinadarin methanol da aka shigo da shi a farkon 2022 ya san abin da mugun mai ke yi wa roba, balle wanda ke saye a galan wurin 'yan bumburutu. Batir yana ƙarƙashin kujerar baya. In ba murfi a kansa, mutum mai jiki ya zauna, wayoyin kujera su taɓa kawunansa, sai hayaƙi. A nan ne kuma tsatsa ke cin ƙasan motar, don ruwan batir. In ban da wurin, busasshiyar iskarmu ta yi wa bodin waɗannan motoci gata: Bature mai irin wannan sha'awa rabin kuɗinsa a yaƙi da tsatsa yake ƙarewa, mu kuwa robobi da kujeru rana ke ci mana. Birki shi ne na ƙarshe a lissafin mai ɗoki, shi ya kamata ya zama na farko.

Wa zai yi aikin? A nan nake ganin Gaya da Ajingi ba su da dalilin raina kansu. Ilimin inji mai shan iska bai mutu a yankin ba, ya dai sauya gida. Yana wurin masu gyaran Bajaj da Jincheng, da masu gyaran A Daidaita Sahu, da masu gyaran injin ban-ruwa na 'yan fadama. Yaron da ke ɗaure bawul ɗin babur kullum ya fi kusa da fahimtar Kunkuru a kan wanda ya tashi a kan motocin da ake duba su da kwamfuta. Kwanukan da suka ɓace kuwa, masu ƙera akwatin ƙarfe da murhu za su iya bugawa in an ba su samfur. Gaya, garin da tarihin baka ya ce maƙeransa ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya kashe macijin Kusugu da ita, kuma daga cikinsa Abagayawa suka tashi neman tama har Dutsen Dala, bai kamata a ce guntun kwanon da zai tare iska ya gagare shi ba. Abin da babu shi ne littafin awo da al'adar bin sa. Ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, tafiyar da ba ta kai awa ba. Ɗalibin injiniya zai ga dukan darasinsa a jikin mota ɗaya da mutum biyu za su iya sauke injinta da jak: zafi da sanyaya shi, tura ƙarfi ta cikin mai, aikin zuƙa, lantarki mai sauƙi. Da wata tsangaya za ta sayi guda ɗaya daga hannun magada ta sa ɗalibai su tayar da ita bisa ƙa'ida, da ta fi allo amfani.

Kada kuma a ruɗi kowa. Wannan ba motar neman abinci ba ce. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, ta haura 1,000 a 2024, ita kuwa tana shan wajen lita 10 a kilomita 100, ga ta ba gudu ba. Tankinta yana gaba, bisa gwiwar direba, ba ta da jakar iska, kuma hanyar Kano zuwa Maiduguri da tireloli ba wurin wasanta ba ne. Mai iyali da ke da kuɗin mota ɗaya ya sayi wadda za ta kai mara lafiya asibiti da dare. Wurinta shi ne zagayen gari, ɗaukar ango, ranar Sallah, da hayar masu shirya fim na Kano, waɗanda in labari ya koma shekarun 1970 sukan rasa motar da za su nuna. Akwai kuma darajar tarihi. Motar da muka adana a gidan tarihi na Legas ita ce Marsandin da aka kashe Janar Murtala a ciki ran 13 ga Fabrairu, 1976. Wannan daidai ne. Amma motar da ta kai allurar rigakafi da takardun jarrabawa da albashin malamai ƙauyuka a waɗannan shekarun ita ma tarihi ce, kuma ba wanda ya ajiye ta.

Babban abokin gabarta yau ɗan jari-bola ne, kuma ranar rabon gado yake samun ta. Magada suna son a raba a huta, mota ba ta rabuwa, ga mai sikeli a ƙofar gida da kuɗi a hannu. Tof ɗinta na alminiyam ya tafi wurin masu zubin tukwane, sauran a sare da gatari. Su ma masu zubin ya kamata su sani cewa gangar injin ba alminiyam ba ce zalla, haɗin magniziyam ce, in ta kama wuta ruwa ba ya kashe ta, ƙara mata yake yi. Shawarata ga magada ita ce kada a yi mata kuɗi da sikeli sai an nemi wanda ya san ta ya duba, musamman in feda biyu ce. In wani daga cikinsu yana so, a yi mata ƙima a sa a rabonsa.

Wanda kuma ya auna ya ga ba makawa sai ya mayar da tasa ta hannu, motarsa ce, ba mai hana shi. Roƙona kawai ya tattara abin da aka sauke: giyar, tukunyar jan mai da farantinta, famfon mai hawa biyu, bawul ɗin zuƙa, tankin zuƙa da na jan mai, sandar giya da fedar birki. Ya toshe bakunansu, ya shafa mai, ya sa a buhu ya ɗaga sama inda damina ba ta kai. Fistan da ringi ana ƙera sababbi kowace shekara, amma mafi yawan waɗannan an daina yin su tun shekarun 1970, kuma masu neman su a Jamus da Amurka a jikin matattun motoci suke tono su.